Zauren Goggo: Ruwa ga Jinjiri, Fitsarin Kwance, Yaye da Sauran Tambayoyinku

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun da suka taru a wannan karon sun fi ƙarfin filin da aka ba ni, saboda haka na zaɓi shida, na kuma sa wadda ta shafi ruwa a gaba, domin muna tsakiyar bazara, lokacin da zafin rana a Garwa da Marwa da Kusuri yake haura digiri 40, kuma babu tambayar da ta fi wannan yawa a bakin masu goyo. Kamar yadda muka saba, na sakaya sunayen masu tambaya, na bar garuruwansu kawai.

Tambaya: Goggo, ina gaishe ki da ƙoƙari. Yaron da nake goyo watansa huɗu, kuma nono kaɗai nake ba shi kamar yadda aka gaya mana a wurin awo. To amma uwar mijina, wadda muke gida ɗaya da ita, ta ce zalunci ne a hana jinjiri ruwa a wannan zafi, har takan ɗura masa idan na shiga wanka. Ba na son in yi mata musu, ba na kuma son yaron ya cutu. Yaya zan yi? Daga wata mai goyo, unguwar Yalwa, Garwa.

Amsa: 'Yata, Allah ya raya, ya ƙara miki haƙuri. Ki fara da sanin cewa tausayi ne yake sa surukarki ɗaukar moɗa, domin tana ganin gumi a goshin jikanta, tana jin yadda nata maƙogwaron yake bushewa, kuma da haka ta reni mijin da kike aure. Duk da haka, a wannan magana gaskiya tana wurin ma'aikatan awo. Nonon uwa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne, kuma wanda yake fara zuwa idan yaro ya kama mama ya fi tsinkewa, shi ne yake kashe masa ƙishirwa, sannan mai kauri da maiƙo ya biyo baya ya ƙosar da shi. Shi ya sa za ki ga a bazara jinjiri yana yawan neman mama, ya ɗan tsotsa ya saki, an jima kaɗan ya sake nema; ƙishirwa ce yake kashewa, kuma abin da ake so shi ne ki ba shi duk lokacin da ya nema, dare da rana, ba tare da kina lissafi ba.

Illar ruwan kuwa ta fuska biyu take. Cikin jinjiri ƙarami ne ƙwarai, duk wurin da ruwa ya cika wurin nono ne ya tare, idan kuma tsotso ya ragu nonon da ke jikinki shi ma raguwa yake yi, domin gwargwadon jan da yaro ya yi gwargwadon abin da jiki yake kawowa. Ta ɗaya fuskar kuma, kin san irin ruwan da muke sha a wannan lokaci da rijiyoyi suka ja baya, famfo yana zuwa yana ɗaukewa, ana sayen jarka daga 'yan ga-ruwa ana juyewa a randar da kowa yake tsoma moɗa. Cikin babba ya saba da shi, amma na ɗan wata huɗu bai saba ba, kuma gudawa a tsakiyar zafi ba ta ɗaukar kwanaki kafin ta zuƙe jariri. Saboda wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata shida, ko ruwa kada a haɗa, ba ta kuma ware ƙasashe masu zafi irin namu ba.

Idan kina son ki tabbatar yana samun abin da ya ishe shi, ki lura da fitsarinsa: matuƙar yana jiƙa tsumma sau shida ko fiye a kwana guda, fitsarin kuma fari ne ba ja ba, nauyinsa yana hawa a katin awo, to babu ƙishirwa a tare da shi. Amma in kin ga maɗigarsa ta faɗa, idanunsa sun zurma, ya ƙi kama mama ko jikinsa ya yi zafi, kada ki tsaya ba shi ruwa ko jiƙo, ki ɗauke shi zuwa asibiti a wannan sa'ar.

Saura batun yadda za ki bi da surukarki, wanda a ganina shi ne ainihin tambayarki. A shekarun da na yi ina aiki a ɗakin awon yara, akwai wata dattijuwa da ta rako matar ɗanta, da 'yar kwalbar ruwa ƙulle a bakin zaninta, ta kuma gaya mini ido da ido cewa ba za ta zuba ido jikanta ya bushe ba. Ban ce mata ta yi kuskure ba. Na ɗebo ruwa a kofi na miƙa mata, na ce, "Inna, ki ba uwar ta sha, ta jikinta zai isa wurin yaron a tace." Ta yi shiru tana kallon kofin, sannan ta miƙa wa yarinyar, ta tsaya a kanta har ta shanye. Da suka dawo awo wata mai zuwa, yarinyar ta ce mini tun daga ranar ba ta taɓa zama ba da mama ba face tsohuwar ta ajiye mata kwanon ruwa ko kunun kanwa a gefe. Babba ba ya son a karɓe aiki daga hannunsa a bar shi zaune, amma yakan yarda a canja masa aikin. Ki roƙi surukarki ta raka ki awo na gaba domin ta ji da kunnenta daga bakin wanda ba ke ba, ki kuma sa maigidanki ya yi mata maganar cikin ladabi a ɗakinta, tunda abin da za ta karɓa daga ɗanta ba lalle ta karɓa daga gare ki ba. Idan rubutu ne take so a ba yaron, ke ki sha, ko a shafa masa a jiki. Zuma kuma kada a lasa masa sai ya cika shekara. Abu ɗaya ne ban yarda ki yi kara a kansa ba: duk ranar da aka ce a kira wanzami ya cire masa beli saboda tumbuɗi ko tari, ku ƙi ke da mijinki baki ɗaya, domin na ga jariran da aka kawo mana jini ya ƙi tsayawa, da waɗanda bakin ya kumbura suka kasa tsotso.

Tambaya: Goggo, ɗana shekararsa shida, ya shiga firamare, amma kusan kullum sai ya jiƙa tabarma. Na yi faɗa, na yi duka, yayyensa sun yi masa amalala a tsakar gida, abin bai sauya ba, sai ma ya koma yana gudun haɗa ido da ni. Wani abokina ya ce in ɗaura masa kwaɗo a ƙugu. Mene ne shawararki? Daga wani uba, Domayo, Marwa.

Amsa: Malam, na ji daɗin da ka rubuto da kanka, domin iyaye maza ba su cika kawo irin wannan magana ba. Ina roƙonka ka ajiye bulalar daga yau, ka kuma hana yayyensa wannan waƙa, ka bar kwaɗo a bakin rafi. Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, a cikinsu akwai mai barci har ya farka da yaro har ya balaga, ɗanka kuwa ya haɗa biyun a lokacin da abin yake faruwa. Wanda Ubangiji bai rubuta wa laifi ba, bai kamata mu da muka haife shi mu hukunta shi ba.

Fitsarin kwance a wannan shekaru ruwan dare ne, ɓoyewa kawai kowane gida yake yi. Likitoci sun ƙiyasta cewa cikin yara 100 'yan shekara biyar, kimanin 15 suna yi, kuma kowace shekara wani kaso daga cikinsu yana bari da kansa ba tare da an ba shi komai ba. Dalilinsa yawanci nauyin barci ne, wanda yake hana yaro jin cikar mafitsara, ko ƙanƙantar mafitsarar, ko kuma jikinsa bai fara rage yin fitsari da dare ba kamar yadda na manya yake yi. Yana kuma bin jini, saboda haka idan ka tambayi mahaifiyarka ko ta maiɗakinka a keɓe, ba mamaki ka ji cewa wani daga cikin danginku ya daɗe kafin ya bari. Duka ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai. Abin da yake haifarwa shi ne wanda ka riga ka gani da idonka, wato yaro ya kwanta da fargaba, ya tashi da kunya, ya fara ɓoye wando a bayan randa, ya kuma daina sakewa da mahaifinsa.

Ga abin da yake taimakawa. Ya sha ruwa sosai da safe da rana, kada a hana shi saboda wannan zafi, amma a rage bayan magariba, a kuma janye masa shayin dare da kunu mai yawa a abincin ƙarshe. Ya yi fitsari daf da zai kwanta. Ka duba inda bayan gidanku yake, domin a gidajenmu da yawa yana can ƙarshen fili cikin duhu, kuma akwai yaran da suke farkawa sarai amma tsoro ya hana su fita. Fo a gefen shimfiɗa da 'yar tocila sun warware wa gidaje da dama wannan matsala. A shimfiɗa leda a ƙarƙashin zaninsa, da safe kuma uwarsa ta sa shi ya taya ta wankewa ba tare da an tara masa 'yan kallo ba. A lura ko yana fama da taurin bayan gida, domin hanji idan ya cika yana danne mafitsara. Ranar da ya tashi a bushe ka yaba masa, ranar da ya jiƙa kuma ka yi kamar ba ka gani ba.

Akwai alamomin da suke bukatar asibiti. Idan yaro ya taɓa bari har na wata shida sannan abin ya dawo, ko yana kukan zafi wajen fitsari, ko yana shan ruwa fiye da kima yana ramewa, sai a kai shi a gwada fitsarinsa da jininsa, domin ciwon sukari ba ya barin yara. Ka kuma tambaye shi ko yana ganin jini a ƙarshen fitsari. Wannan ita ce tsargiya, wadda yaranmu suke ɗauka a kududdufan da kogin Mayo Kaliyawo yake bari bayan damina, da tafkin Maga da na Lagdo, da gonakin shinkafa na wajen Yagwa. Har yanzu akwai masu ɗaukarta alamar girma ga ɗa namiji, alhali tsutsa ce take cin mafitsara, maganinta kuwa ƙwaya ce da ake kira praziquantel, wadda akan raba wa yara a makarantu. Fitsarin da ya dawo bayan an bari yakan kuma zama alamar damuwa, kamar an yi sabon ƙani, ko uwa ta bar gida, ko wani yana cutar da yaron a ɓoye, kuma ba za ka ji wannan daga bakinsa ba sai ya daina tsoronka. Saboda haka ka fara da gyara tsakaninku: ka ɗauke shi a babur zuwa kasuwa ko masallacin Juma'a, ku biyu kaɗai, ka gaya masa a hanya cewa ka gane ba da gangan yake yi ba, kuma zai wuce.

Tambaya: Goggo, 'yata watanta 16, sai ga shi na samu ciki na wata biyu. Matan gidanmu sun ce na yi kwanika, nonona ya ɓaci, in cire ta yau in shafa maɗaci, a haye da ita gadar Ngeli a kai wa kakarta a Injamena har ta manta. Zuciyata ba ta kwanta ba. Daga wata uwa, Kusuri.

Amsa: 'Yata, Allah ya sauke ki lafiya. Zuciyarki ta gaya miki gaskiya. Nonon mai ciki ba ya zama guba. Yakan ragu, ɗanɗanonsa kuma ya sauya idan cikin ya yi nisa, har wasu yaran su saki da kansu, amma ba ya sa ciwo. Za ki iya ci gaba da ba ta muddin ba ki ganin jini, ba ki jin ciwon mara, ba ki kuma da tarihin ɓari ko haihuwar bakwaini, kuma wannan magana ce da ya kamata ki kai wa ungozoma a awon farko domin ta duba ki ta yanke miki.

Matan gidanku ba ƙarya suke yi ba da suka ce sun ga yaran kwanika suna lalacewa, sai dai sun ɗora laifin a inda ba nan yake ba. Ki duba abin da ake yi wa yarinyar a rana ɗaya: an raba ta da nonon da shi ne kusan kashi ɗaya cikin uku na abincinta, an sauke ta daga bayan da ta saba barci a kai, an kuma kai ta gidan da babu fuskar uwarta. Sai ta yi ta kuka, ta ƙi cin abinci, a riƙa ɗura mata tsinkakken koko, gudawa ta shigo, bayan wata biyu a dawo da ita gashi ya yi ja, ƙafafu sun kumbura, a ce ai nonon cikin ne ya kama ta. Wannan tamowa ce. Sunan da likitoci suke kiran irinta mai kumburi da shi, kwashiyoko, daga harshen Ga na ƙasar Gana aka samo shi, kuma ma'anarsa ciwon yaron da aka ture saboda ƙani yana tafe, wanda ya nuna miki cewa ba mu kaɗai muka san wannan ba.

Idan kun yanke shawarar yaye, ku yi shi sannu a hankali cikin makonni. Ki fara janye shan rana guda ɗaya ki maye gurbinsa da abinci, bayan kwanaki ki janye wani, na dare ya zama na ƙarshe, kuma kada a fara lokacin da take ciwo ko a tsakiyar wannan zafi. Mai wata 16 tana bukatar cin abinci sau uku zuwa huɗu a yini, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani. Ki ware mata kwanonta daban ki zauna kusa da ita, domin idan aka haɗa ta da yayyenta a akushi ɗaya, kafin ta kai loma biyu sun share. Kununta ya yi kaurin da zai tsaya a cokali, a sa masa gyaɗa ko tunkuza, wani lokaci garin wake ko nonon shanu da aka dafa. Ku da kuke bakin kogin Logon ba ku rasa kifi ba: ki daka busasshe ya yi laushi, ki tankaɗe ƙayar, ki riƙa barbaɗa mata a miyar kuka ko ta zogale. Ki ba ta ƙwai, kada ki saurari masu cewa yana sa yaro sata, ga kuma mangwaro yanzu yana ko'ina. Idan gudawa ta zo, ki jiƙa ƙunshi ɗaya na gishirin asibiti a lita guda ta ruwa mai tsabta ki riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, abinci kuma kada a tsayar. A wurin awo ki sa a riƙa auna damtsenta da igiyar nan mai launi uku. Idan ta nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tana bukatar kulawar asibiti.

Game da kakarta kuwa, Injamena da Kusuri kogi ne kawai ya raba, saboda haka ki roƙe ta ta zo ta yi muku makonni, yarinyar ta saba da bayanta kina nan kusa. Maigidanki ma yana da hannu a wannan, domin ayar suratul Baƙara da ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, ita ce ta ce idan iyaye biyu suka so yaye ya kasance da yardar juna da shawara. Ya san cewa mace mai ciki mai goyo tana ciyar da rai uku, cefane kuma ya nuna haka.

Tambaya: Goggo, ɗanmu shekararsa uku da rabi. A gida Hausa muke yi, a waje Fulatanci yake ji, a makarantar renon yara kuma Faransanci. Yana cakuɗa ukun a magana ɗaya, kuma malamarsu ta ce mu bar yi masa Hausa domin kada ya rikice. Mu bi maganarta? Daga wasu iyaye, Ngaundare.

Amsa: 'Ya'yana, ina girmama malamar, amma ban goyi bayanta a wannan ba. A ƙasarmu yaron da ya tashi da harshe ɗaya shi ne baƙo. A Kusuri ma za ku iske ɗan shekara bakwai yana Hausa da Larabcin Shuwa da Kotoko da Faransanci, bai kuma rikice ba. Cakuɗawar da ɗanku yake yi ɗabi'ar duk mai koyon harsuna tare ce, yana aro kalmar da ya sani ya cike gurbin wadda bai riga ya samu ba, kuma da kansa zai ware su idan ya ƙara shekaru, har ya san wanda zai yi wa kakarsa da wanda zai yi wa malama.

Abin da nake ji muku tsoro shi ne akasin haka. Da yawa daga cikinmu Faransancinmu na kasuwa da ofis ne, ya isa a yi ciniki amma bai isa a yi wa yaro tatsuniya ko lallashi ko nasiha ba, saboda haka gidan da ya bar Hausa yakan koma gidan gajerun umarni, zo, tafi, zauna, bari, yaron ya tashi ba shi da zurfi a ko wanne. Wanda ya ƙoshi da harshen uwarsa, ya san sunayen abubuwa, ya iya ba da labari daga farko zuwa ƙarshe, shi ne yake saurin kama na makaranta, kuma ajin farko na firamare da ake kira SIL an tanade shi ne domin koya wa yaro harshen karatu. Ku bar wa makaranta aikinta, ku riƙe naku. Bayan isha'i a kashe talabijin a yi masa gatanan gatananku, a yi kacici-kacici, uwarsa ta riƙa gaya masa sunan duk abin da take sa wa a tukunya. Wayar hannu kuma ku rage ba shi ita, domin ba ta amsa wa yaro idan ya yi tambaya. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce 'yan shekara biyu zuwa huɗu kada su wuce awa ɗaya a yini a gaban allon waya ko na talabijin, na ƙasa da haka kuwa gara a nisanta su da shi.

Jinkirin magana na gaskiya yana da tasa alama, kuma a duk harsunan yake bayyana. Yaron da ya cika shekara biyu bai fara haɗa kalma biyu ba, ko ba ya waiwayowa idan an kira shi daga baya, a kai shi a duba kunnensa, musamman idan ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda ko kunnensa yana zubar da mugunya.

Tambaya: Goggo, duk damina masu rabon magani suna zuwa gida-gida su ce a ba yara maganin zazzaɓi. Nawa lafiyarsu ƙalau, don me zan ba su magani? Daga wata uwa, Gidar.

Amsa: 'Yata, rigakafi ne, kuma mai lafiya ake ba wa domin kada ya kwanta. Tun 2016 ake wannan rabo a lardin Arewa da na Arewa Mai Nisa, ga yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata a watannin damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kisa. Inda ake samun matsala shi ne ma'aikaci yana ba da na ranar farko a gabansa, ya bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku, ita kuma ta ajiye su a saman kwaba wai sai yaro ya yi zazzaɓi. Sai an cika kwana ukun maganin yake tsare yaro har watan ya zagayo. Ki ba su bayan sun ci abinci, idan ɗaya ya amayar nan take ki sanar da ma'aikacin. Wannan bai ɗauke kwana a gidan sauro ba, haka ma allurar rigakafin zazzaɓin da Kamaru ta fara sakawa cikin alluran yara a watan Janairun 2024, wadda za ki iya tambaya ko ta iso asibitinku. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi gwaji kafin kwana ya zagayo, idan kuwa ya fara jijjiga ko ya kasa shan komai, ko tsakar dare ne a fita da shi.

Tambaya: Goggo, an yi mini haihuwa a gida wata biyu da suka wuce, an yi suna lafiya. Takardar haihuwa dole ce yanzu, ko sai zai shiga makaranta? Daga wani uba, Mokolo.

Amsa: Malam, barka da arziki, Allah ya raya. Ka tafi a cikin wannan mako, domin wa'adin da doka ta bayar kwana 90 ne daga ranar haihuwa, kai kuma ka riga ka ci 60. A cikin wa'adin, rajistar a ofishin magajin gari ko cibiyar rajista ta ƙauye kyauta ce a doka, amma idan aka bari shekaru suka wuce sai an bi ta kotu, da shaidu da kuɗi da zirga-zirga. Kowace shekara a lardinmu akwai yaran da suke kai wa aji shida, ajin CM2, malamai suna yabon ƙoƙarinsu, sai lokacin rubuta sunayen masu jarrabawar kammala firamare ta CEP ya zo a ce babu takarda, su koma gida suna kallon 'yan ajinsu suna wucewa sakandare. Tunda a gida aka haihu, ka fara biyawa ta asibitin da maiɗakinka ta yi awo da katinta a hannu domin su ba ka shaidar haihuwa, sannan ka wuce ofishin da katin shaidarka da nata. Kafin ka bar wurin ka sa a karanta maka yadda aka rubuta sunan yaron da ranar haihuwarsa harafi bayan harafi, domin gyaran kuskure a wannan takarda shi ma ba abu ne mai sauƙi ba.